Bankin cimaka: kantin hatsi mallakar membobinsa

Bankin cimaka kanti ne na haɗin gwiwa da mutanen gari ke kafawa da kansu. Da kaka sukan sayi gero da dawa a ajiye a rumbu, da damina kuma, lokacin da hatsi ya yi tsada, a sayar wa membobi tiya-tiya a farashi mai rahusa. A gundumomin Magaria da Dungass na jahar Damagaram, inda ƴan kasuwa ke kwasar hatsi zuwa Najeriya tun kaka, amfaninsa a fili yake.

Tsarin ƙungiyoyin haɗin gwiwa a Nijar ya samo asali daga hukumar UNCC da aka kafa a 1962. A yau dokar OHADA ta 15 ga Disamba 2010 ce ke tsara su: mutum biyar sun isa kafa ƙaramar ƙungiya da ake kira SCOOPS.

Babban taron membobi ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa da na sa ido, kowane memba da ƙuri'a ɗaya komai yawan hannun jarinsa. A nan ake tsayar da farashi, a ƙayyade yawan tiyar da gida ɗaya zai saya, don kada mai kuɗi ya kwashe ya sake sayarwa.

Abin da ya fi durƙusar da irin waɗannan bankuna shi ne bashin da ba a biya ba. Inda membobi ke halartar taro, ana karanta lissafi a bainar jama'a, rumbu yakan sake cika da kaka.