Hauhawar CA-125 ba tare da sankara ba

CA-125 sinadari ne da ake aunawa a jini idan ana zargin sankarar ma'ajiyar ƙwan mace. Robert Bast da abokan aikinsa ne suka gano shi a Amurka a 1981, kuma ana ɗaukar 35 U/mL a matsayin iyakar lafiya.

Sai dai yakan haura wannan iyaka ba tare da sankara ba: lokacin haila, farkon juna biyu, ƙarin mahaifa, ko tibin ciki, wanda ba baƙo ba ne a Arewacin Najeriya. Haka ma yakan haura a ciwon Meigs, wanda aka bayyana a 1937, inda ƙari wanda ba sankara ba kan tara ruwa a ciki da ƙirji, kuma ruwan yakan janye bayan an cire ƙarin. Shi ya sa likitoci ke haɗa sakamakon da hoton sikanin.