Allurar kamfas da alƙibla: abin da ya kamata a sani a Maraɗi

Allurar kamfas, wato busol, ba ta nuna arewa ta ainihi. Tana bin maganaɗisun duniya ne, wanda ke samuwa daga motsin narkakken ƙarfe a can cikin ƙasa, zurfin kusan kilomita 2,900. Tazarar da ke tsakanin arewa ta ainihi da inda allurar ke nunawa ita ce masana ke kira karkata, kuma da digiri ake auna ta.

A wannan zamani mutanen Maraɗi sun yi sa'a, domin karkatar ba ta kai digiri 2 ba. Alƙibla daga birnin tana wajen digiri 71 daga arewa zuwa gabas, kuma lissafin bai sake ba a Tibiri ko Jiratawa. Ke nan ba gabas sak ba ce, kamar yadda wasu ke ɗauka. Sai an ɗan juya hagu.

Amma karkatar ba ta zama wuri ɗaya. A farkon ƙarni na 20 allura a wannan yanki tana kauce wa arewa zuwa yamma da digiri masu yawa. Saboda haka duk mai riƙe da tsohuwar taswira ko takardar awon fili ya fara duba shekarar da aka yi ta. Kuskuren digiri 1 a tsawon kilomita guda yana kai mita 17, abin da ya isa ya haɗa maƙwabta rigimar iyaka. Taswirar maganaɗisu da wayoyin salula ke aiki da ita ma duk shekara 5 ake sabunta ta; an fitar da ta baya-bayan nan a Disamban 2024.

Akwai kuma sunkuyawa, wato yadda allurar ke duƙar da kai ƙasa. A Paris ta haura digiri 60. A Maraɗi kuwa ƴan digiri ne kawai, don layin da allura ke kwanciya daidai ya ratsa arewacin Najeriya, kudu kaɗan da iyaka. Shi ya sa kamfas da aka daidaita don Turai kan iya gogar gindin akwatinsa a nan, ya ƙi juyawa sosai.

Ga magini ko kwamitin masallaci, abin tsoro ya fi kusa da haka: rodi, kwanon rufi, babur ko lasifika suna iya janye allura fiye da duk karkatar. A yi awo a sarari, tun kafin a sauke ƙarfen gini.