Tarihin da Ake Karantawa da Ƙafa: Daga Hanyar Inka Zuwa Tsaunukan Zuru

Duk wanda ya taɓa duba jerin wuraren yawon buɗe ido na Jihar Kebbi zai ga bikin kamun kifi na Argungu a gaba, da hotuna da bayani mai tsawo. Can ƙasa, cikin 'yan layuka, zai ga sunan Karishin, wani tsohon mazauni a kan dutse a yankin Sakaba na masarautar Zuru. Garin Acifawa ne, waɗanda a harshensu suke kiran dutsen Korisino. Yawancin jama'arsa sun daɗe da saukowa fili, amma sarautarsu ta gargajiya tana nan ɗaure da dutsen, kuma can suke hawa idan lokacin bukukuwansu ya yi. Irin wannan mazauni na kan tudu ba Karishin kaɗai ba ne a ƙasar Zuru. Abin da ya rage mana shi ne mu san abin da waɗannan wurare suke faɗa, da yadda ake sauraronsu. Don haka zan fara kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, inda aka daɗe da mayar da hawan dutse hanyar koyon tarihi.

Kwana huɗu a tsaunukan Andis

A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Hanyar Inka. Mutum 500 kacal hukuma take bari su shiga ta a kowace rana, kuma fiye da rabinsu 'yan dako ne da masu girki da 'yan rakiya. A watan Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya fi tsanani, rufe ta ake yi domin gyara. Tsawonta kimanin kilomita 43 ne, ana cin ta a kwana huɗu, ana kwana cikin tanti.

Rana ta biyu ita ce mai wuya. A ranar ake haye wani mashigi mai suna Warmiwanyuska, wanda ke mita 4,215 sama da teku. Domin mai karatu ya kwatanta, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. A tsayin wancan mashigi, iskar oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi uku cikin biyar na abin da zai samu a Legas ba. Daga nan ciwon kai da jiri da tashin zuciya suke zuwa, shi ya sa ake shawartar baƙo ya yi kwana biyu ko uku a birnin Kusko, mai tsayin kusan mita 3,400, kafin ya kama hanya. Da asubahin rana ta huɗu ake isa wata ƙofar dutse da ake kira Ƙofar Rana, daga nan a hango kufan Machu Picchu a ƙasa, a tsayin mita 2,430.

Akwai jirgin ƙasa da mota masu kai mutum wurin cikin yini guda. Waɗanda suka zaɓi ƙafa suna ganin abin da fasinjan jirgi ba ya gani: dubban matakalai da aka sassaƙa a jikin dutse, magudanan ruwa da har yau suke aiki, zangunan matafiya, gonaki masu hawa-hawa a gefen tsauni. Wannan 'yar hanya reshe ce kawai daga cikin hanyoyin daular Inka, waɗanda tsawonsu ya kai kimanin kilomita 30,000, suka ratsa ƙasashe shida na yau. A kansu manzannin sarki suke gudu suna miƙa wa juna saƙo daga zango zuwa zango. Ba su da doki, ba su da keken ɗaukar kaya, ba su ƙera baƙin ƙarfe ba.

Ba su kuma da rubutu irin wanda muka sani. Lissafinsu suna ajiye shi ne a igiyoyi masu ƙulle-ƙulle. Da Sifaniyawa suka kama sarki Atahwalpa a 1532, suka kuma murƙushe mafakar Inka ta ƙarshe a Bilkabamba a 1572, alƙalami ya zauna galibi a hannun wanda ya ci yaƙi. Hanya da katanga da magudanar ruwa su ne shaidar da mutanen suka bari da hannunsu. Wanda ya yi haki a kan matakalansu ya san girman aikin da ba a rubuta masa ba.

Abin da ya kai mutane sama

Tsaunukan ƙasar Zuru ba su kai rabin tsayin Machu Picchu ba, kuma hawansu aikin sa'o'i ne. Amma matsalar shaida iri ɗaya ce. Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, da Acifawa da Dukkawa da Fakkawa da Kambari da sauran al'ummomin yankin, ba su bar littattafan tarihi ba. Abin da aka rubuta a kansu kafin ƙarni na 20 kaɗan ne, kuma daga waje ya zo. Ko sunan Dakarkari ma, ruwayar da ta fi yaɗuwa tana danganta shi da dakaru, wato mayaƙan ƙasa na Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a wajen 1516 ya kafa ikonsa a Surame. Sunan yana faɗar amfanin da suka yi wa wani ne.

Zama a kan dutse ko a gindinsa tsohon abu ne a wannan ƙasa tamu, kuma Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Kano daga Dala ta faro. Zazzau tana da Turunku da Kufena. A Zamfara akwai Kwatarkwashi. Dutse yana riƙe ruwa a kwarurukansa har cikin rani, ƙasar gindinsa tana da albarka, a wurare da yawa akwai tama, kuma mutanen dā suna girmama shi a matsayin wurin ibada. Saboda haka kuskure ne a ce tsoro kaɗai ya kai mutane sama.

Sai dai a ƙarni na 19 tsoron ya yi yawa. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a cikin shekarun 1860, kuma daga nan shi da ɗansa Ibrahim suka shafe shekaru suna kai hare-haren kama bayi a kan Kambari da Dukkawa da Dakarkari da Gwari. Ƙarfin irin wannan runduna yana ga doki. Doki kuwa a fili yake sarki. Idan hanya ta zama ƙunci tsakanin manyan duwatsu, sai mahayi ya sauka, ya zama daidai da mai kwari da baka da ke jiransa a sama. Al'ummar da take da dutse, da ruwa a kansa, da rumbu cike da dawa, tana iya jure abin da ƙauyen fili ba zai jure ba. Wannan magana tana da nauyi ga waɗanda muka tashi da alfahari da Daular Usmaniyya da iliminta da tsarinta. Amma wanda yake son gadon gida, sai ya karɓe shi da bashinsa.

Da sojojin Ingila suka ci Kontagora a 1901, abin da yake riƙe mutane a sama ya fara sassautawa. Gona mai faɗi tana fili, kasuwa tana fili, hanyar mota da makaranta da asibiti duk a fili aka yi su, kuma mai karɓar haraji ya fi son mutane inda zai iya ƙirga su. Samarin yankin da yawa suka shiga aikin soja, har Zuru ta yi suna da shi a faɗin Nijeriya. A hankali, gida bayan gida, aka sauko. Abin da aka bari a sama shi ne ragowar katangun duwatsu, da gindin rumbuna, da duwatsun niƙa da suka lotse saboda daɗewar aiki, da tsingaro, da kaburbura.

Darasin Sukur

Akwai wuri a Arewa da ya nuna abin da irin wannan shaida take iya yi. Sukur tana kan tsaunukan Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Hanyar hawanta shimfiɗaɗɗiya ce da falalen duwatsu, kamar ƙanwar Hanyar Inka. A sama akwai fadar Hidi, sarkin Sukur, wadda aka gina da duwatsu, da gonaki masu hawa-hawa, da ragowar matoyan ƙarfe daga zamanin da Sukur take sayar wa maƙwabtanta ƙarfe.

Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali, ya ajiye littafin abubuwan yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki an rubuta hare-haren da ya tura kan mutanen tsaunuka, har da Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kamo. Wanda ya karanta littafin kaɗai zai san mutanen dutse a matsayin lissafin ganima. Wanda ya taka shimfiɗaɗɗiyar hanyar zai ga al'umma mai sarauta da sana'a da tsarin aikin gayya da zai iya ɗora dubban duwatsu a gefen tsauni. A 1999 Hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya. Hakan bai hana 'yan Boko Haram hawa su ƙone gidaje a can a ƙarshen 2014 ba, amma ya sa duniya ta san abin da aka ƙone.

Wa ya nuna hanya, wa ya ɗauke kaya

Labarin Machu Picchu yana da gargaɗi guda biyu. A ranar 24 ga Yuli, 1911, wani malami daga Jami'ar Yale ta Amurka, Hiram Bingham, ya isa kufan, kuma shi duniya ta riƙa kira wanda ya gano shi. Wani manomin yankin, Melchor Arteaga, shi ya hau da shi. A sama ya tarar da iyalai suna noma a tsofaffin gonakin, ya kuma ga sunan wani ɗan ƙasar, Agustin Lizarraga, rubuce a bango da shekarar 1902. Bingham ya ɗauka ya samo Bilkabamba, kuma ya yi kuskure; daga baya masana suka karkata ga cewa gidan hutun sarki Pachakuti ne, wanda aka gina a wajen 1450. Kayan da ya kwashe zuwa Yale sai a 2011 da 2012 suka koma Peru, bayan shekara ɗari da doguwar shari'a. Su kuwa 'yan dakon hanyar, jikokin waɗanda suka gina ta, sai a 2001 aka yi dokar da ta ƙayyade nauyin kayan da za a aza musu da mafi ƙarancin ladansu.

Ƙasar Zuru ta riga ta ɗanɗana gargaɗi na farko. Dakarkari sun shahara da tukwane da siffofin yumɓu da mata suke ginawa, ana ɗora su a kan kaburburan manyan mutane, irin su gwanayen noma da farauta da kokawa. Kowace tukunya tana faɗar wane ne yake kwance a ƙarƙashinta, muddin tana inda aka ajiye ta. Da yawansu a yau suna gidajen tarihi da hannun masu tara kayan gargajiya a Turai da Amurka, da 'yar takarda mai ɗauke da sunan ƙabila kawai. Kabarin ya rasa alamarsa, tukunyar ta rasa sunan mai ita.

Kafin hanya ta ɓace

Kufai na kan dutse yana mutuwa sau biyu: ranar da aka sauko daga kansa, da ranar da mutum na ƙarshe da ya san hanyar ya rasu. Tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu inda ƙofa take, inda maɓuɓɓuga take, gidan wa ke nan, kabarin wa ke can, suna ƙarewa. Ga kuma sabon ƙunci: a 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga a yankunan Danko/Wasagu da Sakaba sun tashi ƙauyuka, sun sa shiga wasu dazuzzuka ya zama kasada. Jikokin waɗanda suka hau dutse don tsira daga mahaya dawaki suna gudu zuwa gari don tsira daga mahaya babura.

Saboda haka maganar jawo baƙi daga Turai ba ta taso ba tukuna. Aikin da ke gabanmu ƙarami ne, kuma mai yiwuwa ne a wuraren da tsaro ya bari. A hau da tsoho, da izinin masu wurin, a girmama inda suka ce ba a shiga. A ɗauki muryarsa yana kiran sunan kowane wuri da C'lela ko Cicipu, a sa alamar wurin a taswira da wayar hannu, a ɗauki hoto, a bar kowane tsingaro inda aka same shi. A rubuta sunan tsohon a kan aikin, a kuma biya shi. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, akwai sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Akwai kuma 'ya'yan Zuru, likitoci da lauyoyi da hafsoshi, waɗanda bikin Uhola yake dawowa da su gida.

Ga mai karatu da yake ɗaya daga cikinsu, ko yake da aboki a cikinsu, shawarata ita ce idan ya je gida a wannan rani, ya tambayi mafi tsufa a zuriyarsu daga wane dutse kakanninsu suka sauko, kuma ko ƙafarsa za ta iya nuna hanyar.