Uku Ga Fabrairu: Rana Ɗaya, Darasi Uku

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya saba bin littattafan tarihi zai lura cewa wani lokaci rana guda takan tattaro al'amuran da shekaru masu yawa suka raba. Irin wannan rana ce 3 ga Fabrairu. Abubuwa uku da suka auku a cikinta duk suna magana ne a kan tambaya guda: wane ne ke da ikon yanke wa ƙasa hukunci?

Na farko ya faru a 1903. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani jami'in Turawa, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Wannan ya ba Lugga hujjar da yake nema. A ƙarshen Janairu rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta murƙushe Bebeji a hanya, ranar Talata 3 ga Fabrairu ta kutsa cikin birnin Kano ta Ƙofar Kabuga. A lokacin Sarki yana Sakkwato tare da mafi yawan mayaƙansa. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a fada har aka kashe shi. Waziri Ahmadu ya rasu a gumurzun Kwatarkwashi kafin watan ya ƙare. Shi kuwa Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan sai Lokoja, inda ya rasu a 1926. Abin takaici a nan shi ne, yawancin sojojin da suka fasa ganuwar baƙaƙen fata ne, Turawa 'yan ƙalilan ke ba su umarni.

Bayan shekara 57, a daidai wannan rana ta 1960, sai labari ya sha bamban. Firayim Ministan Ingila, Harold Macmillan, wanda ya biyo ta Gana da Nijeriya a rangadinsa na Afirka, ya tsaya gaban majalisar dokokin Afirka ta Kudu a birnin Kef Tawun. Ya shaida wa Turawan da ke mulkin wariyar launin fata cewa iskar sauyi tana kaɗawa a nahiyar, kuma kishin ƙasa na mutanen Afirka ya zama gaskiyar da ba makawa sai an yarda da ita. Wato daular da ta ci Kano da bakin bindiga ta amsa da bakinta cewa lokacinta ya ƙure. A wannan shekara ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, ciki har da Nijar ranar 3 ga Agusta da Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Amma masu masaukin Macmillan sun yi kunnen uwar shegu da maganarsa. Ranar 21 ga Maris 'yan sandansu suka harbe mutum 69 a Sharpeville.

Na uku ya dawo da mu gida. Ranar Talata 3 ga Fabrairu 1976, Janar Murtala Ramat Muhammad, haifaffen birnin nan da aka ci shekara 73 kafin nan, ya yi wa ƙasa jawabi. Ya ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19. Jihar Arewa maso Yamma ta zama Sakkwato da Neja, ta Arewa maso Gabas ta zama Barno da Bauci da Gongola. Ya kuma amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda na a ɗauke babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birni sunansa, shi ya koma Suleja. Murtala bai ga ko tubalin farko ba, domin bayan kwana 10 aka kashe shi a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka. Sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja.

Idan mai karatu ya jera ranakun nan zai ga yadda alƙalamin zana taswira ya fita daga hannun baƙo ya dawo hannun ɗan gida. Sai dai a tuna, ɗan gidan ma da dokar soja ya zana, ba a tambayi talaka ba. Gwarawa da sauran ƙabilun da aka gina Abuja a kan gonakinsu suna da nasu labarin.

A nan ne aikinmu yake, 'yan uwa marubuta. Mafi yawan abin da ɗalibanmu ke karantawa game da faɗuwar Kano daga rahotannin waɗanda suka ci garin ya fito. Ina labarin matar da aka bari a gida ranar da igwa ta tashi? Ina na sojan haya da aka sa ya harbi garin da ake jin harshensa? Tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu ziyarce su tun da sauran lokaci, mu rubuta abin da suka riƙe, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.