Ginin Ƙasa Mai Lanƙwasa a Ƙasar Kabi: Daga Rufewa zuwa Na'urar 3D

Ginin ƙasa mai lanƙwasa shi ne wanda ake tayarwa da laka a zagaye ko a tanƙware, kamar rufewa da tulluwa da bakan gizo, ba tare da an zuba lakar a cikin wani mazubi ba. A kwarin Gulbin Rima, inda Argungu da Birnin Kebbi suke, sana'ar ta girmi duk rubutun da aka yi a kanta.

A rufewa, wato rumbun laka, aka fi ganin asalin dabarar. Magini yakan fara jera duwatsu don gindin ya tsira daga danshi da gara, ya shimfiɗa itace a kai, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta jiƙu sosai. Sai ya riƙa ɗora laka zagaye bayan zagaye yana lailayawa da tafin hannu. In ya ɗan yi sama sai ya dakata ta sha iska, domin in ya yi garaje na ƙasa zai sulale. Kowane zagaye yakan ɗan ɗara na ƙarƙashinsa faɗi har cikin ya buɗe, daga nan ya fara tsukewa zuwa baki. Ido ne ma'auninsa.

Babban gini a ƙasar Kabi ya samo suna ne tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai wajen 1516 ya kafa babban birninsa a Surame. An yi ganuwar birnin da dutse da laka, har yau kuma akwai sauranta a cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. Labarin baka ya ce Nufawa sun makara wajen zuwa aikin, sai Kanta ya sa su kwaɓa nasu ɓangaren da man kaɗe. A 1964 aka sa kufan cikin kayan tarihin ƙasa. A Argungu kuwa, tsohuwar fadar da aka gina a ƙarni na 19 ta kasance mazaunin Sarkin Kabi har 1942, a 1958 aka mayar da ita Gidan Tarihin Kanta.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne rufin soro. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in tazarar da za ta tsallaka ta kai kamar mita 2 sai nauyin ƙasa ya sa ta lotsa. Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango a ɗan karkace, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a jira ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa ciki. Haka za a yi ta ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya. In an gicciya bakuna da yawa, sai a ɗora tulluwa a samansu. Wanda ya kai wannan aiki maƙura shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Binciken ilimi ya zo ne a makare, bayan siminti da kwano sun fara korar soro. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Poland, ya auna gine-ginen gargajiya na Najeriya ya zana su, kuma shi ne jigon kafa gidan tarihin gine-gine na Jos, inda aka gina kwafin masallacin Zariya. Hamman Tukur Saad ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 kan yadda maginan Hausa suke tunanin siffa. Aikinsa ya fi kusa da zuciyar lamarin, don magina ya zauna da su, ba bango kaɗai ya auna ba.

A wannan shekara ta 1981 Hideo Kodama a Nagoya ta Japan ya wallafa hanyar ƙera abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, da wani ruwa mai daskarewa in haske ya taɓa shi. Chuck Hull ɗan Amurka ya sami rajistar mallakar irin wannan fasaha a 1986. Daga nan aka sami na'urar 3D, wadda kwamfuta ke jan bakinta tana feso abin gini zagaye bayan zagaye. A 2013 Afate Gnikou ya harhaɗa irinta a Lome ta Togo da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. A 2021 kuma kamfanin WASP da mai zanen gine-gine Mario Cucinella suka kammala gidan Tecla da na'urar 3D a Massa Lombarda ta Italiya, tulluwa biyu a haɗe, da lakar wurin, ba azara ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin ana tayar da rufewa zai gane aikin nan take, har da jiran da ake yi laka ta sha iska.

Ruwan sama ne ke cin ƙasar da ba a gasa ba, ko hannu ya ɗora ta ko na'ura. Maginan Hausa sun tare shi da indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, sai kuma sabunta yaɓe kafin damina ta sauka.