Yadda na'urorin loda kuɗi ke zuba tsabar kuɗi a kati da wayar salula

A tashoshin jiragen ƙasa na biranen Tokyo da Hong Kong da Landan, akwai na'urorin da fasinja ke zura wa takardar kuɗi, ya ɗora katinsa a kai, cikin ƴan daƙiƙoƙi kuɗin ya bayyana a katin. A Japan har wayar salula ana ɗorawa. Da wannan kati ake shiga jirgi ko bas, a wasu ƙasashen ma a sayi abinci a kanti, ba tare da an sake ƙirga tsaba ba.

Takardar da aka zura tana faɗawa ne cikin wani akwatin ƙarfe da ke kulle a cikin na'urar. Abin da ke shiga katin lamba ce kawai, wadda ke nuna adadin kuɗin da mai katin ke bin kamfanin da ya fitar da shi. Wurin da aka rubuta wannan lamba, ko a cikin katin ko a kwamfutar kamfani, shi ke yanke abin da zai faru idan katin ya ɓata, ko intanet ta ɗauke, ko na'ura ta tsaya ana tsakiyar aiki.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Hong Kong na cikin biranen farko da suka rungumi tsarin, inda aka ƙaddamar da katin Octopus a watan Satumban 1997. An gina shi a kan fasahar FeliCa ta kamfanin Sony. Kamfanin jiragen ƙasa na JR East ya fito da katin Suica a Tokyo a watan Nuwamban 2001 da wannan fasaha, sai Landan ta biyo baya da katin Oyster a 2003.

A Japan abin ya wuce harkar sufuri. A 2007 manyan kamfanonin kantuna biyu sun fitar da nasu katunan: nanaco na shagunan 7-Eleven, da WAON na rukunin Aeon. Daga watan Maris na 2013 kuma aka haɗa manyan katunan sufuri 10 na ƙasar, ta yadda katin Tokyo zai yi aiki a Osaka ko Fukuoka.

Na'urorin loda kuɗi sun yawaita a ƙasar saboda har yanzu Japanawa na riƙe da al'adar tsabar kuɗi. Alƙaluman ma'aikatar tattalin arzikin ƙasar sun nuna cewa a 2024 kashi 42.8 cikin 100 na sayayyar jama'a ne aka biya ba da tsaba ba. Ɗalibai da tsofaffi da baƙi da ba su da katin bankin ƙasar, duk ta wannan na'ura suke shiga tsarin.

Me ke cikin katin?

Katin ba shi da batir. A cikinsa akwai ƴar ƙwaƙwalwa mai kama da ta layin waya, da siririn zaren ƙarfe da aka naɗa a gefe-gefensa, wanda ke aikin eriya.

Ita kuma na'urar tana fitar da igiyar rediyo a kan megahaz 13.56. Da zarar katin ya matso kusa, tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba, zaren zai samu ɗan lantarki daga igiyar, ƙwaƙwalwar ta farka ta fara musayar bayanai da na'urar. Da an janye katin wutar ta ɗauke, amma abin da aka rubuta a ciki yana nan.

A katuna irin su Suica da Octopus da Oyster, ragowar kuɗin a cikin ƙwaƙwalwar katin take. Saboda haka ƙofar shiga tasha ba ta jiran amsa daga banki kafin ta buɗe. A Tokyo, karanta kati da cire kuɗin tafiya na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da ke da muhimmanci a tasha irin Shinjuku, wadda miliyoyin fasinjoji ke bi a kowace rana.

Matakan loda kuɗi

Mataki na farko shi ne tantancewa. Na'urar na da wata ƙwaƙwalwar tsaro da ke riƙe da mabuɗan sirrin kamfani. Ita da katin kowanne zai jefa wa ɗan'uwansa lissafin da sai mai mabuɗin gaskiya ne zai iya amsawa. Idan amsar ba ta yi daidai ba, ko kuma katin na cikin jerin waɗanda aka toshe, a nan maganar ke tsayawa.

Daga nan na'urar za ta karanta ragowar kuɗin ta nuna a allo, mai katin ya zaɓi adadin da yake so. Kowane kati da iyakarsa. Suica ba ya ɗaukar fiye da yen 20,000, Oyster fam 90, Octopus kuma dalar Hong Kong 3,000 a sababbin katuna. An sanya iyakar ce don rage asarar wanda ya yar da katinsa, da kuma hana amfani da katunan wajen ɓoye kuɗin haram.

Mataki na uku shi ne duba takardar kuɗin. Wasu ƙananan tayoyi za su ja ta ciki, ta bi ta gaban na'urorin da ke auna tsawonta da faɗinta, su haska ta da hasken da ido ba ya gani, su kuma gwada tawadar da ke da maganaɗisu. Ana kwatanta sakamakon da siffar kowace takarda da aka riga aka adana a na'urar. Wadda ta yamutse ko ta jiƙe ko ta yage, sau da yawa dawo da ita ake yi ko da ba jabu ba ce. Wadda ta ci jarrabawa kuwa ana riƙe ta a wani ɗan wuri na wucin gadi, inda za a iya mayar wa mai ita idan ya fasa.

Sai kuma rubutu. Na'urar za ta aika wa katin umarnin da ke ɗauke da sabon adadi, da kwanan wata, da lambar cinikin. Bayan katin ya amsa cewa ya rubuta, za ta sake karantawa don ta tabbatar, sannan takardar ta zarce akwatin ajiya.

A ƙarshe na'urar na aika rahoto zuwa babbar kwamfutar kamfani, ta kuma fitar da rasit. Idan ma'aikata suka kwashe akwatin, ana ƙirga abin da ke ciki a gwada da rahoton. Katin Suica shi ma yana riƙe da tarihin ciniki 20 na baya-bayan nan.

Idan waya ce fa?

Hanya biyu ce. A ta farko wayar ce ke zama kati. Kamfanin sadarwa na NTT DoCoMo ya fara sayar da wayoyi masu ƙwaƙwalwar FeliCa a 2004, Suica na waya ya fito a 2006, sai iPhone 7 ya shiga sahu a 2016. Irin wannan waya ana ɗora ta a kan na'ura kamar yadda ake ɗora kati, kuma matakan duk ɗaya ne.

Sai dai tsofaffin na'urorin tasha haɗiye katin suke yi ta wata siririyar kafa, wadda waya ba ta shiga. Wannan ya sa aka ƙera sababbi masu ɗan faifai da ake ajiye waya a kai. Tun daga 2018 na'urorin cire kuɗi na Seven Bank, waɗanda ke cikin shagunan 7-Eleven, su ma suna loda kuɗi a katunan sufuri.

A hanya ta biyu ba a rubuta komai a cikin wayar. Manhajoji irin su PayPay suna ajiye kuɗin mutum ne a kwamfutar kamfani. Na'urar za ta nuna lambar QR, mai waya ya ɗauke ta da manhajar, ya shigar da lambar da aka ba shi, sannan ya zura kuɗi. Na'urar ce ke sanar da kamfani, kamfanin ya ƙara adadin a asusun. Idan babu intanet, wannan hanya ba ta aiki. Amfaninta shi ne ko waya ta ɓata kuɗin na nan a asusu.

Inda matsala ke tasowa

Lokacin da ya fi hatsari shi ne na rubutu. Idan aka ɗage katin da wuri, wuta ta ɗauke masa kenan ana tsakiyar aiki. An ƙera katunan zamani ta yadda ko dai sabon adadin ya shiga gaba ɗaya, ko tsohon ya zauna yadda yake. Amma na'urar na iya rasa sanin wanne ne ya faru, shi ya sa take buƙatar a sake ɗora katin nan dai, ba wani daban ba. Wanda ya tafi bai yi hakan ba, sai ya koma wurin ma'aikatan tasha su binciki rahoton na'urar.

Wasu na'urorin ba sa karɓar sulalla, wasu kuma ba sa bayar da canji. Duk abin da aka zura shi za a loda, don haka ya kamata a karanta abin da ke rubuce a jikinsu kafin a zura babbar takarda.

Sauya kuɗin ƙasa ma na shafar su. Da Japan ta fitar da sababbin takardun yen ranar 3 ga Yulin 2024, sai da aka sabunta na'urori ko aka sauya masu kayan ciki kafin su gane su.

Akwai kuma batun tsaro. A 2008 masu bincike a jami'ar Radboud ta ƙasar Holand sun nuna cewa ana iya fasa sirrin MIFARE Classic, nau'in ƙwaƙwalwar da katin Oyster ke amfani da shi a lokacin. Daga baya hukumar sufurin Landan ta koma wani nau'i mai ƙarfi, DESFire.

Game da ɓatan kati, Suica iri biyu ne. Mai ɗauke da sunan mai shi ana toshe shi a sake fitar da wani da ragowar kuɗin. Marar suna kuwa tamkar takardar kuɗi yake, wanda ya tsinta shi zai kashe.

Wa ke riƙe da tsabar?

Tunda kamfani ya karɓi kuɗi kafin ya yi wa mutum wani aiki, doka ta shiga tsakani. A Japan, dokar hada-hadar biyan kuɗi da ta fara aiki a 2010 ta wajabta wa masu fitar da irin waɗannan katunan sayayya su ajiye aƙalla rabin kuɗin da jama'a ba su kashe ba a matsayin jingina, idan jimillar ta haura yen miliyan 10.

A ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin CFA na Yammacin Afirka, ciki har da Nijar, ƙa'idar ta fi haka tsauri. Umarnin da babban bankin yankin, BCEAO, ya fitar a watan Mayun 2015 ya ce duk kuɗin laturonin da kamfani ya fitar sai ya kasance da kwatankwacinsa ajiye a wani asusu na musamman, kuma mai kuɗin na da ikon karɓar tsabarsa daidai da adadin. Umarnin ya kuma ƙayyade cewa asusun wanda aka tantance da takardun shaida ba zai wuce miliyan 2 na CFA ba.

Yadda abin yake a Afirka

A Kigali ana shiga bas da katin Tap&Go tun daga 2015. A Legas kuma katin Cowry ne ake amfani da shi a motocin BRT da jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji a watan Satumban 2023. A biranen biyu, wakilai da ke tashoshi riƙe da ƙananan na'urori na cikin manyan hanyoyin loda kuɗi.

A Yamai da Maraɗi da N'Djamena da Garwa, mai rumfar Airtel Money ko Moov Money ko Orange Money, gwargwadon kamfanin da ke ƙasar, shi ke yin aikin na'urar. Yana duba takarda da idonsa, ya jefa a aljihun tebur, ya tura daidai adadin daga asusunsa zuwa na mai kuɗin. Tsarin ya yi kama da na PayPay, domin lambar na kwamfutar kamfani. Idan kuɗin da ke asusun wakilin ya ƙare, ko da an miƙa masa jika goma ba zai iya turawa ba.

Na'ura mai aiki da kanta na buƙatar lantarki marar yankewa, da layin sadarwa, da masu kwashe akwati da gadinsa, da kuma takardun kuɗi masu kyau. Inda ƙananan takardu ke daɗewa a hannun jama'a har su yi laushi, na'ura za ta riƙa mayar da abin da wakili zai karɓa ba gardama.

Ko a gaban na'ura ko a gaban wakili, matakan kare kai ba su da bambanci: a duba ragowar kuɗi kafin a miƙa tsaba, kada a janye kati ko a bar wurin sai sabon adadi ya bayyana a allo ko saƙo ya shigo, sannan a adana rasit, domin lambar cinikin da ke jikinsa ita za a nema idan aka kai ƙorafi.