Yadda Tiyatar Rage Ƙiba Ta Shiga Cikin Magungunan Ciwon Suga

Mai karatu, kwanakin baya wata hajiya daga Unguwar Rimi ta miƙo mini takardar maganinta, na ga an soke allurar insulin da ta daɗe tana karɓa. Ta ce a ƙasar waje aka rage mata tumbi. Tun da masu tambayata kan wannan aiki sun yawaita, bari in ba ka asalinsa.

Ba don suga aka ƙirƙiro shi ba. A shekarun 1950 likitoci a Minnesota ta Amurka suka fara gajarta hanyar ƙaramin hanji domin masu ƙiba. Ƙiba ta zube, amma gudawa da tsakuwar ƙoda da lalacewar hanta suka biyo baya, aka watsar da dabarar. A 1966 Edward Mason na Jami'ar Iowa ya koma kan tumbi, bayan ya lura cewa masu olsa da aka yanke wa wani sashensa ba sa ƙara ƙiba.

Sai a 1995 Walter Pories ya fitar da sakamakon mutum 608 da ya bi har tsawon shekara 14. Cikin masu suga 146, mutum 121 sugansu ya daidaita. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, suga kan sauka cikin kwanaki, tun ƙibar ba ta motsa ba. Daga baya aka gane hanji na da hannu: bayan aikin yana ƙara fitar da sinadarin GLP-1, mai sa jiki ya saki insulin. Shi allurar Ozempic take kwaikwayo. A 2016 ƙungiyoyin likitoci 45 suka amince da tiyatar a matsayin magani ga masu nau'i na biyu da ƙiba ta yi wa yawa.

Kada dai ka ji "magani" ka ɗauka warkewa ce ta har abada. A wani gwaji na asibitin Cleveland, bayan shekara 5, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin ne sugansu ya tsaya inda ake so. Duk da haka sun zarce masu shan magani kaɗai, waɗanda kashi 5 cikin ɗari ne suka kai.

Ita kuwa hajiya, diclofenac ta zo nema saboda gwiwa.

"Hajiya, wannan zai iya yi wa sabon tumbinki gyambo," na ce. "Ina bitamin B12 da maganin ƙarin jini?"

Ta ce tun bayan sallah suka ƙare, ta zaci na wata uku ne. Na shaida mata na tsawon rai ne, na rubuta mata takarda zuwa ga likitan suga, a auna jininta kafin azumi.